Gyaran da Na Yi wa Safar Otis

Kwanana ɗaya a Amurka aka raba ni da akwatina. A tashar mota ne, cikin babban birnin da jirgin ruwa ya sauke mu. Wani mutum mai kwat da malafa, fuskarsa fes, ya zo ya gaishe ni har da ɗan rusunawa, ya ce shi ma'aikacin tasha ne, in kawo ya kai mini kaya mota. Ni da na saba a tashar Dutsin-Ma 'yan kamasho su karɓi kayanka su ɗora ko waiwayawa ba ka yi ba, sai na miƙa masa, har da godiya. Har yau bai dawo ba. Manyan rigunana biyu, da bargon da Inna ta ba ni, da ƙullin kuka da daddawa, duk suka bi shi. Abin da ya rage mini sai takarduna a aljihu, da tsohuwar jakar Baba ta fatar akuya da na rataya a wuya, mai ɗauke da basilla da wuƙar yanka da zare.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don a gane girman wautar da zan ba da labari. Sunana Musa. Gidanmu a Kurfi gidan dukawa ne tun kaka da kakanni: takalma, kube, linzami, duk abin da ake yi da fata. Ni kaɗai aka kai boko cikin 'ya'yan Baba, amma ban bar rumfa ba sai da hannuna ya faɗa da ɗinki. Da na gama makaranta aka ɗauke ni malamin fata a Dutsin-Ma, ina bin kasuwanni a kan keke har Kuki, ina yi wa mahauta faɗa kan huda ƙirgi wajen fiɗa, ina lallashin Fulani su riƙa shanya fata a inuwa. Bayan samun mulkin kai da kaɗan aka zaɓe ni in tafi koyon jima irin ta zamani. Na tafi da girman kai fal cikina. A ganina injuna kawai zan je kallo, amma fata kam babu Baturen da zai koya mini ita.

Kwana biyu muna tafiya a mota, gonakin masara hagu da dama ba iyaka. Ban ci komai ba sai burodi da ruwan famfo, don duk naman da na gani zarginsa nake yi. Da na isa makarantar na tarar an shiga dogon hutu, ashe jirginmu ya makara. Wata akawu mai tabarau ta ji tausayina, ta buga waya nan da can, ta rubuta mini takarda zuwa wata majema a wani ƙaramin gari, in yi aiki a can har a koma karatu. Ta kuma ciro tuffa biyu daga jakarta ta ba ni. Ban san sunanta ba, amma ban taɓa mantawa da ita a addu'a ba.

Garin bai fi Kurfi girma ba. Titi ɗaya ne na kirki, coci uku, layin dogo ya raba shi biyu. A wasiƙun da nake aikawa gida, Kurfin Turawa nake kiransa. Majemar ta karɓe ni, amma ba ta ba da masauki. Gida uku na ƙwanƙwasa, kowanne da allon da ke cewa akwai ɗakin haya, kowanne kuma ɗakin ya cika daidai lokacin da aka buɗe ƙofa aka ga fuskata. Na koma na zauna a benci gaban wani shagon aski, na rungume jakata. Ranar na yi da-na-sanin tafiyar nan, kuma da akwai motar Kurfi a tashar da na shige ta.

Ina nan zaune sai ga wani baƙin mutum ya fito daga shagon, gajere, faffaɗa, yana tafiya kamar wanda gwiwoyi suka dama. Ya wuce ni, ya tsaya, ya dawo.

"Ɗan'uwa, daga ina?"

Na gaya masa. Bai san inda Nijeriya take sosai ba, amma ya san fuskar mai jin yunwa.

"Wane gefen layin dogo ka nemi ɗaki?" ya tambaya. Na nuna masa. Ya yi dariya har da dafa ƙugu. "To ai nan ka yi kuskure. Tashi mu je. Ni ne Otis."

Ya miƙo mini hannu ya ɗaga ni. Na lura da hagunsa: yatsun duk a karkace, manunin ya lanƙwashe kamar ƙugiya, alamar an sha karya shi yana haɗewa yadda ya ga dama.

Ya kai ni ƙetaren layin dogo, unguwar baƙaƙen fata, gidan wata dattijuwa baƙa da ake kira Mama Lula, inda shi ma yake haya. Da ta ji sunana ta ce sunan yana cikin littafinsu na coci, don haka ni ba baƙo ba ne. Na yi mata bayani cikin jin nauyi cewa ba na cin alade. Washegari na ga sabuwar tukunya a kan murhu, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta yi wa kowa kashedi kada cokalinsa ya kusance ta. In ina salla a lungun ɗaki, takan rage muryar rediyo.

Otis ɗan wasan besbol ne. Ranar Lahadi ta farko ya ja ni filin garin, ya zaunar da ni a kan katako ya ce in yi kallo. Wasan ba shi da wuyar ganewa in an bar ƙananan dokoki. Mutum ɗaya ya hau ɗan tudu a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goriba. Wani na tsaye da kulki yana jira ya doka. In ya doka, sai ya yar da kulkin ya ruga, ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya tashi, wato gida. Duk wanda ya dawo gida ba a taɓa shi da ƙwallo ba, ya ci wa garinsu ɗaya. A bayan mai kulki kuma akwai mai tsugune, sanye da wata ƙatuwar safar hannu ta fata a hagu, shi ke cafe duk jifan da ba a doka ba. In ƙwallo ta kuɓuce masa, abokan gaba su yi ta gudu a banza. Wannan shi ne aikin Otis, shekara goma sha huɗu yana tsugune, gari bayan gari. Ya ga yaran da ya koya wa wasa sun wuce manyan kulob na birane, shi kuwa yana nan, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Gwanin jifan garin wani dogon Bature ne ɗan manoma, Dogo nake ce masa. Jifansa ba ƙarfi gare shi ba, sai rawa. Ƙwallon takan taho tana yawo kamar malam-buɗe-littafi, mai kulki ya kai duka ya sami iska. Matsalar ita ce mai cafewa ma bai san inda za ta faɗa ba. A duk garuruwan da ake gasar, Otis kaɗai ke iya riƙe ta.

Abin da ya fi wasan burge ni shi ne allon shagon aski. Mai shagon, Baba Sam, wani tsohon Bature mai sanƙo, ya kafa allo a jikin bango ta waje, da ƙusoshi jere daga sama zuwa ƙasa. Kowane gari da ke cikin gasar yana da ɗan katako mai sunansa, ana rataye su bisa ga wanda ya fi cin wasa. Kowace safiya Baba Sam zai fito da ɗan tsaninsa ya gyara jerin, mutane na tsaye suna kallo kamar ana duban wata. Mai kai madara ya tsaya, malamar makaranta ta tsaya, limamin coci ya tsaya. Na ga mutanen da ba sa gaisawa a coci suna musu kafaɗa da kafaɗa a gaban allon nan.

Katakai shida ne, amma wurin ratayewa takwas ne. Na tambayi Baba Sam dalili wata rana yana yi mini aski, don shi bai damu da launin kan da ke gabansa ba.

"Waɗancan sun mutu, ɗana," ya ce. "Allon nan ubana ya kafa shi. A zamaninsa, duk garin da jirgin ƙasa ke tsayawa yana da kulob ɗinsa. Ma'aikatan majema su tashi aiki su cika fili, manoma su zo da keken doki. Bayan yaƙi ma sai abin ya ƙara bunƙasa. Sai ga akwatin talabijin. Yanzu mutum na kwance a ɗakinsa yana kallon manyan birni, me zai kai shi zama a kan katako don ya ga Otis? Gasa irin tamu nawa suka watse, ni ma na daina ƙirgawa."

Ya kaɗe almakashi, ya rage murya. "Bana kuma wani babban gari mai sabon fili yana son shigowa. Shugabannin gasa sun yanke: duk wanda ya ƙare a ƙasan allon nan, shi zai ba shi wuri. Kuma garin da ya rasa kulob ba ya sake samu."

A lokacin muna na huɗu. Na ce "muna", don kafin wata guda ni ma na zama ɗan gari, ina ihu da Hausa a kan katako, ba mai jin abin da nake faɗa amma kowa na tafa mini.

A tsakiyar kakar wasa aka ba su hutun kwana biyu. Otis zai tafi duba mahaifiyarsa. Yana ɗaure takalmi a baranda ya jefo mini safarsa.

"Musa, an ce kai ɗan gidan fata ne. Igiyar nan ta gefen babban yatsa ta tsinke. In ka sami sarari ɗaure mini ita."

Ya tafi. Na juya safar a hannuna, sai tausayi ya kama ni. Ta yi baƙi ƙirin da gumi da ƙasa. Tafin ya siɗe ya yi laushi kamar tsumma, ya lotsa ya yi rami. Ulun da ke ciki ya dunƙule gefe guda. Wurin manuni ya karkace. Na ce a raina, mutumin da ya ɗauke ni daga kan benci, ya ba ni gida, shi ne ke fita gaban jama'a da wannan abin kunya? A Kurfi, in maƙwabci ya kawo wa Baba takalmi a ɗinke maɗauri ɗaya, ba ya komawa sai an sake masa tafi an shafe shi da mai. A kawo maka gyara ka yi iya abin da aka ce, ai rowa ce.

Na zage. Na roƙi shugaban aikinmu a majema ya ba ni yankin ƙirgin sa mai kauri, mafi kyau a rumbun. Na farke safar gaba ɗaya. Na cire tsohon tafin da dunƙulallen ulun na watsa a kwandon shara na majema, wanda ake ƙonewa kullum da yamma. Na yanka sabon tafi, na cusa sabon ulu dam, na miƙar da wurin manunin nan ya tsaya sak yadda Allah ya halicci yatsa. Da na gama ban ƙoshi ba, sai na bi bakinta da ado na ja da kore irin na kuben Katsina. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na ajiye ta a kan teburin cin abinci, na zauna ina jiran yabo.

Otis ya shigo ya gan ta. Ya ɗauka, ya zura hannu, manuninsa ya ƙi shiga sai da ya tura da ƙarfi, na ga ya ciji leɓe. Ya dunƙule dama ya naushi tafin, ya ji shi kamar ƙyaure.

"Ina tsohon tafin?" ya tambaya a hankali.

"An ƙone shi, Yaya Otis. Ai ya mutu."

Mama Lula ta ajiye ludayi ta fita baranda. Otis ya sake duban safar, ya shafa adon da yatsa.

"Ɗinkin ya yi kyau, Musa," ya ce. "Na gode."

Ni kuwa, dabbar Allah, na ce ba komai, ai yi wa kai ne.

A wasan farko na gane abin da na aikata. Dogo ya jefo mai rawar nan, ta bugi tafin ta yi tsalle ta wuce baya. Ya sake, ta sake. Ramin da na raina, ashe shekara da shekaru ƙwallo ta yi tana haƙa shi, nan take faɗawa ta kwanta. Karkacewar da na miƙe kuwa, ita ce gidan yatsan Otis. Ya gwada safar wani, ta fi muni, don an yi ta ne don hannu mai lafiya. Sabuwa daga kanti kuma ita ma ƙyaure ce. Dogo ya daina jifa mai rawa don ya sauƙaƙa masa, sai abokan gaba suka yi ta dukan jifansa kamar ana sussuka. Muka sauko na biyar. Kafin mako biyu, Baba Sam ya hau tsani ya rataye sunan garinmu a ƙasa.

Kowa ya san wanda ya yi aikin. Mutum nawa ne a garin ke ado da ja da kore? Na daina bin babban titi, ina zagayawa ta bayan tashar jirgi. A majema aka daina yi mini magana wajen cin abinci. Abinci ma ya daina shiga, sai in zauna in tasa tukunyar mai jan zare a gaba ina tunanin tuwon Inna. Kunya ta fi kewar gida ciwo, na tabbatar da wannan a makonnin nan.

Wata ranar Asabar Mama Lula ta aike ni kantin da ke jikin shagon aski. Ina ciki na ji muryoyi ta taga. Wani mai gyaran mota yana cewa a kori ɗan Afirkan nan ya koma inda ya fito, ya kashe musu kulob da allurarsa. Sai na ji muryar Otis.

"Ni na sa shi. Na ce ya sake ta gaba ɗaya, ya yi abin da na ce. Mai neman wanda zai zaga, ga ni zaune."

Na fito ba tare da na sayi abin da aka aike ni ba. Baƙin mutum a garin nan, a zamanin nan, ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya aza a kansa gaban Turawa, alhali in kulob ya mutu shi ne farkon wanda ba shi da wurin zuwa, don ba mai ɗaukar tsohon mai tsugune. Na tsaya bayan kanti na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba.

A hanyar komawa wani abu ya faɗo mini. Ina saurayi, wani Bafulatani daga wajen Kuki ya aiko ƙanensa rumfar Baba ranar kasuwar Kurfi, da karan dawa da aka karya daidai tsawon ƙafarsa, a yi masa takalmi. Baba ya juya karan ya mayar masa.

"Koma ka ce mashi ya taho da ƙahwarshi. Kara ya gaya mani tsawo, amma bai gaya mani inda ƙaya ta taɓa sukar shi ba, ko wane gehe yake takawa. In yi mashi abin da za ya ɗingisa da shi, a ce aikin gidan nan ne?"

Na san wannan tun ban fara aski ba. Amma da na zo ƙasar Turawa da niyyar nuna gwaninta, sai na duba fata na manta da hannun.

Da Otis ya dawo na tare shi a baranda.

"Yaya Otis, ka yi ƙarya saboda ni."

"Ƙarama ce," ya ce.

"Ba ni hannunka."

Ya miƙo. Na riƙe hagun nan na bi kowane yatsa, kowane ƙulli, ina tambaya yana amsawa. Wannan a wane gari ya karye, wannan ina yake masa zafi in ƙwallo ta sauka. Na sa ya nuna mini daidai inda yake son ta faɗa, tsakanin babban yatsa da manuni, na sa alama da gawayi. Sannan na sake farke aikin da na fi alfahari da shi a duniya.

Na cire rabin ulun, na tura sauran gefe yadda na same shi da farko. Na fere bayan tafin da wuƙa har ya yi sirara a wurin ramin. Amma wurin manunin ya gagare ni, don duk fatar majema sabuwa ce, tana gurzar ƙullin yatsan. Ina bukatar fata wadda hannu ya riga ya cinye ƙarfinta. Ita kuwa guda ɗaya ce a garin. Na zazzage basilla da zare a kan tebur, na shimfiɗa jakar Baba, wadda ya yi shekara talatin yana riƙewa kafin ya rataya mini ita. Na yi bisimilla na sa mata wuƙa. Na jiƙa yankin, na naɗe shi a yatsan Otis, na sa ya zauna da shi har ya bushe ya ɗauki karkacewar, sannan na ɗinke shi a ciki.

Saura laushi. A gida da man shanu muke yi, sai na buɗe akwatin sanyin Mama Lula.

"Musa! Man da na saya don biskit ɗin Lahadi kake shafa wa wannan abu?"

"Mama, don gari ne."

Ta harare ni, ta buɗe akwatin ta miƙo mini sauran. Babu turmi a gidan, sai na sami karyayyen kulki na fere kansa ya yi kamar ƙwallo, na ɗora safar a kan kututture. Kullum in na taso daga majema sai in yi ta kirɓa har magariba, maƙwabta na leƙe ta shinge. A rana ta uku sai ga Dogo a ƙofar gida. Ban taɓa ganin Bature ya ƙetaro layin dogo ba sai mai karɓar haya. Ya cire hula ya gaida Mama Lula, ya ce kirɓi ba zai isa ba, ƙwallo ce ta san ramin da take so. Suka tsaya a lungu shi da Otis, yana jifa Otis na cafewa, ni ina tsakani da wuƙa da mai, in an yi jifa ashirin in karɓa in gyara. Adon ja da kore na so in farke, Otis ya hana. Ya ce an riga an yi masa dariya a kansa, ba zai yi asarar dariyar ba.

Safar ba ta koma kamar da ba, kada in yi ƙarya. Amma ƙwallo ta fara zama. Muka ci biyu, aka ci mu ɗaya, muka ci uku. Garin da ke samanmu, wani garin masu haƙar kwal, su kuma suka yi ta zamewa. Ranar ƙarshe ta gasa muka zo kunnen doki, kuma wasan da ya rage tsakaninmu da su ne, a filinmu. Wanda aka ci ya mutu.

An rufe majema da tsakar rana, an rufe kantuna. Mutanen garin kwal suka zo cikin wata tsohuwar bas, yawanci tsofaffi, wasu da tari irin na rami, suka zauna gefe guda da tutarsu. A zagayen ƙarshe muna gaba da ɗaya, saura mutum ɗaya mu fitar a tashi wasa, amma suna da mai gudu a tasha ta biyu. Aka doki jifan Dogo, ƙwallo ta yi waje. Mai gudun nan ya zagayo ya nufo gida kamar bijimi. Aka jefo ƙwallon daga nesa, Otis ya tsaya a bakin gida ya buɗe safa, ƙwallo da mutum suka iso tare. Na ji ƙarar karon daga inda nake. Ƙura ta tashi, Otis na kwance a bayansa. Alƙalin wasa ya sunkuya yana jira, don in ƙwallo ta faɗi ƙasa an rama, in tana hannu an gama. Ni dai salati nake yi da ƙarfi. Otis ya ɗaga hagunsa sama a hankali, ja da kore na walƙiya, ga farar ƙwallo kwance a rami.

Ban san lokacin da na sauko daga katako ba. Mai gyaran motar nan da ya ce a kore ni, shi na samu ya rungume ni yana dukan bayana. Gari duka ya ɗunguma zuwa shagon aski, an ɗauko Otis a kafaɗa yana cewa a yi hankali da gwiwarsa. Na biyar cikin shida muka zo, amma sai ka rantse duniya muka ci. Aka jingina wa Baba Sam tsani ana ta ihu ya hau.

Ya hau, ya kai hannu ga katakon garinmu, sai ya tsaya. Yana kallon ƙarshen titi.

"Ba yanzu ba," ya ce. "Motarsu ba ta wuce ba."

Hanyar fita garin ɗaya ce, kuma ta gaban shagon ta bi. Ihun ya mutu. Aka sauke Otis. Bas ɗin ta taho a hankali, jama'a suka dare mata. Ta taga na ga 'yan wasansu da tsofaffin nan, wani ya naɗe tutar ya rungume a ƙirji. Baba Sam ya cire hularsa a kan tsani, sai kowa ya cire. Ni ma na cire tawa ta Kurfi. Suka wuce suna kallon allo, sunan garinsu na nan a inda ya kwana, a saman namu.

Ba wanda ya motsa har ƙarar injin ta ɓace a bayan gonakin masara. Sannan Baba Sam ya share ido da bayan hannu, ya sauya katakan biyu, ya sauko. Ba a sake yin ihu ba. Otis ya dafa kafaɗata da karkataccen hannun nan, ya ce, "Zo mu je gida, Musa. Mama na jira."